Oba-oba a ƙasar Gobir: wa ke riƙe da mabuɗin tashoshin?

A watan Satumba na 2021, makonni kaɗan bayan an katse layukan waya a Zamfara, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da ɗaukar irin wannan mataki a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Manufar ita ce raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Amma ranar 17 ga Oktoba aka kashe aƙalla mutum 43 a kasuwar Goronyo, a watan Disamba kuma aka ƙone matafiya aƙalla 23 cikin mota a kusa da Gidan Bawa. Mazauna bakin iyaka sun koma neman sabis ɗin kamfanonin Nijar, rahotanni kuma suka nuna cewa 'yan bindigar sun karkata ga oba-oba, wadda ba ta buƙatar turken kowane kamfani.

Tun daga lokacin na'urar ta shiga lissafin tsaron yankin. Sai dai ba a cika tambayar wanda ke saita ta ba, alhali amfaninta da haɗarinta duk a nan suke.

Samfurin da ya fi shahara a duniya shi ne Baofeng UV-5R, ƙirar Sin, mai ɗaukar tashoshi 128 da ƙarfin da bai wuce wat biyar ba. Tsakanin hannu da hannu kilomita kaɗan take kaiwa, sai in an kafa na'urar da ke maimaita saƙo a kan tudu ko dogon turke. Ana iya shigar mata da tashoshi ta maɓallanta, amma aiki ne mai wahala da saurin kuskure. Mai saita guda arba'in don ƙauyuka goma dole ya nemi kwamfuta da kebul da manhaja. Manhajojin da masu ƙera irin waɗannan na'urori ke bayarwa kuwa galibi a kan Windows kaɗai suke aiki, kowane samfuri da tasa.

Wannan giɓi ne wani Ba'amurke mai sha'awar rediyo, Dan Smith, ya cike da manhajar CHIRP. Kyauta ce, lambobinta a buɗe suke, tana aiki a kan Windows da macOS da Linux, kuma ta san ɗaruruwan samfura. Tana kwafo abin da ke cikin na'urar, ta baje shi a jadawali, mai aiki ya gyara, ya mayar, ya kuma zuba jadawalin a wata na'urar ko da ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. Ita ma ta sha wuyar ƙaura: an rubuta ta da tsohon zubin harshen Python wanda aka daina kula da shi a farkon 2020, sabbin tsarin Linux suka fara watsar da shi, sai da masu sa-kai suka sake gina ta a kan sabon zubi. Ko kebul ɗin ma yana da nasa ciwon kai, domin da yawa na ɗauke da jabun ƙwaƙwalwa da sabbin Windows ke ƙin karɓa, yayin da Linux kan karɓe su ba gardama.

Za a ce mene ne haɗin wannan da Gatawa ko Tsamaye? Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci na hannu irin waɗanda ake samu a shagunan gyaran waya ba duka ke iya ɗaukar Windows 11 ba. Manhajar da ke tafiya a kan Linux tana nufin mai gyara a garin Isa zai iya ci gaba da aiki da tsohuwar kwamfutarsa, ba sai an ɗauki na'urori an bi hanyar da kowa ke tsoro zuwa birnin Sakkwato ba.

Amma ƙofar da ta buɗe wa ɗan sa-kai ita ce ta buɗe wa yaran Bello Turji. Waɗannan na'urori ba sa ɓoye magana. Abin da ake tallatawa a matsayin lambar sirri kawai yana hana ka jin wasu ne, ba ya hana wasu jin ka. Ƙauyen da ya sayo oba-oba ya bar ta a kan tashoshin da ta zo da su daga masana'anta, tamkar ya sa mai shela ne ya faɗi inda masu gadi suka kwana. Idan kuma guda ɗaya ta faɗa hannun maharan, jadawalin yankin baki ɗaya ya tonu, kuma maganin hakan shi ne a sauya tashoshin dukkan sauran cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba a yin wannan da yatsa.

Ga doka kuma. Dokar sadarwa ta iska ta 1961 ta haramta amfani da na'urar aika saƙo ba tare da lasisi ba, ko da yake duk wanda ya san kasuwanninmu ya san yadda ake cinikinta. Kama ɗan sintiri saboda oba-oba ba zai rage wa ɗan bindiga komai ba, tunda shi bai taɓa neman izini ba.

A ganina, rundunar tsaron al'umma da Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar a 2024 ita ce wurin farawa. Jihar na iya neman a ware mata tashoshi daga hukumomin tarayya, ta yi rajistar kowace na'ura da sunan mai riƙe da ita, ta horar da mutum biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma kan saitawa, ta kuma tsayar da lokacin sauya jadawali. Wanda aka damƙa wa kwamfutar zai san tashar kowane ƙauye daga Isa har bakin iyakar Maraɗi, don haka tantance shi ya fi sayen na'urorin wuya, musamman a yankin da ƙorafin masu kai wa 'yan bindiga rahoto ya sa aka katse waya tun farko.