Matasan Sin Da Kiɗan Turawa: Daga Juji Aka Fara

Duk wanda ya ga yadda Sinawa ke rububin tsofaffin waƙoƙin Turawa na kiɗan da ake kira rok, wato kiɗan nan na jita da ganguna mai ƙarar tsiya wanda ya yi tashe a Ingila da Amurka tsakanin 1960 da 1980, dole ya tsaya ya yi tambaya. Shin ba wannan ce ƙasar da ta taɓa rufe ƙofarta ruf ba? Amma ga shi waƙar Hotel California ta ƙungiyar Eagles, wadda ta fito tun 1976, tana cikin waƙoƙin Turanci da aka fi sani a can, har ma masu sayar da lasifika kan kunna ta don mai saye ya ji kyan sauti. Ta ina ta shiga?

A zamanin Juyin Al'adu na Mao Zedong, daga 1966 zuwa 1976, an haramta kiɗan Turawa a matsayin gubar 'yan jari hujja. Abin da aka bar wa jama'a shi ne waƙoƙin yabon jam'iyya da shugabanta. To amma Mao na mutuwa a 1976, sai Deng Xiaoping ya ɓullo da manufar buɗe kasuwa a 1978. Matasan da aka tasa tun suna yara suna haddace maganganun Mao sai suka wayi gari ana ce masu kowa tasa ta fisshe shi, a je a nemi kuɗi. An rushe abin da suka yi imani da shi, ba a ba su wani a madadinsa ba. Zuciya kuwa ba ta zama wayam. In ba a zuba mata abu ba, ita za ta nemo da kanta.

Abin da ta nemo shi ne abin mamaki. Daga farkon shekarun 1990, kamfanonin waƙa na Amurka kan tara kasa-kasai da faya-fayan sidi da suka yi kwantai, su tsaga gefensu da zarto ko su huda su don kada a sayar, sannan a loda su a jiragen ruwa zuwa Sin a matsayin sharar roba da za a narke. A tashoshin ruwan lardin Guangdong sai 'yan kasuwa suka gane cewa tsagar ba ta lalata komai ba sai waƙa ɗaya ko biyu. Kaset kuwa ana iya kwance shi a liƙe zaren. Nan da nan sharar ta bazu a lungunan Bejin da Shanghai a kan kuɗi ƙalilan. Sinawa suka sa mata suna dakou, wato mai tsaga, har ana kiran matasan wancan lokaci 'yan zamanin dakou. Ta wannan hanya ce da yawansu suka fara jin Beatles da Pink Floyd da Led Zeppelin. Ashe ba da tankar yaƙi aka shiga ba. Abin da wasu suka zubar a juji shi wasu suka tsinta suka rungume.

Wasu za su ce ai wannan shaida ce cewa al'adar Turawa ta fi, tunda ko shararta ana wawaso. Wannan magana ba ta duba abin da matasan ke nema ba. Akasarinsu ba sa jin Turanci. Abin da suka ji a cikin ƙarar shi ne mutum yana ihu da fushinsa ba wanda ya hana shi, alhali su an rufe masu baki. Murya suke nema.

Hujja a kan haka shi ne Cui Jian, wani mai busa kakakin Turawa a ƙungiyar makaɗa ta Bejin. A 1986 ya hau dandali ya rera wata waƙa da harshen Sinanci, mai ma'anar ba ni da komai, ya haɗa jita da suona, abin busar gargajiyarsu mai kama da algaita. Waƙar ta ratsa matasa fiye da duk wata ta Turanci, kuma ita ce ɗalibai suka riƙa rerawa a dandalin Tiananmen a 1989 kafin sojoji su murƙushe su. A 1990 ya riƙa ɗaure idonsa da jan ƙyalle a kan dandali, kowa kuma ya san abin da ja ke nufi a ƙasar. Hukuma ta katse rangadinsa, ya shafe sama da shekara goma ba a barinsa ya yi babban wasa a Bejin.

Su kuma masu kiɗan na asali fa? A watan Afrilun 2006 Rolling Stones, waɗanda suka yi suna da tawaye, suka zo Shanghai. Hukuma ta ce su cire waƙoƙi biyar saboda batsa, suka cire. Zauren na cin mutum kimanin 8,000, kuma saboda tsadar tikiti mafi yawan 'yan kallon baƙi ne 'yan ƙasashen waje. Yaron da ya san su ta kaset mai tsaga bai sami shiga ba. Waɗanda kuwa aka ga suna da alaƙa da batun Tibet an rufe masu ƙofa: an soke wasan Oasis a 2009, aka soke na Bon Jovi a 2015, duk da cewa jagoransu ya rera waƙar soyayya da Sinanci don neman shiga. Darasin ya isa ga kowa. Mai son kasuwar mutum fiye da biliyan ɗaya sai ya iya bakinsa. Wato dai ɗan ƙasa ne ya faɗi magana ya sha ukuba, baƙi kuwa ciniki ya kawo su.

Ala kulli halin, akwai abin lura biyu ga matasa. Na farko, doka da shinge kaɗai ba sa tsare zuciya. Gwamnatin da ke da 'yan sanda da masu tace labarai ba adadi ta kasa tare sharar roba, balle yau da waƙa ke shigowa ta wayar hannu ba sai ta bi tashar ruwa ba. Na biyu, wanda ya ari murya ba zai faɗi abin da ke ransa da ita ba, domin mai ita na iya jinginar da ita ranar da ciniki ya faɗa.

Saboda haka matashin da ya tsinci kansa yana kaɗa kai ga waƙar da bai san me take cewa ba, ya kamata ya tambayi kansa: wane gurbi ne ke cikin zuciyarsa da take cikewa, kuma me ya hana a cike shi da abin da ya sani ya kuma yarda da shi? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa a gane.