Hawa itace ba tsoro ba ne

Ina gaida Baba da Inna da su Kawu, da fatan an yi girbi lafiya.

Tun da na ambata muku cewa wani abokin karatuna a Liyon yana neman kujerarsa ta farko ta farautar barewa, wato mai tsani da ake jinginawa a jikin itace, saƙonni suke shigo mini. Wannan ya ce aikin ragwaye ne, wancan ya ce namiji a ƙasa yake tarar nama. Yaya, har da kai! To ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Harsashin da ake harbin babban nama da shi yana tafiyar fiye da kilomita ɗaya. Wanda ya harba yana tsaye a ƙasa, in ya kuskure, harsashin sai ya miƙe har ya samu abin da zai tare shi. Wanda ya harba daga sama kuwa, bakin bindigarsa ƙasa yake kallo, can harsashin zai nutse. Dazuzzukan nan ba na mafarauta kaɗai ba ne. Ku je Fontainebleau ko Rambouillet kusa da Paris ranar Lahadi ku ga masu keke da mata da yara. A Disamba 2020, a yankin Lot, an harbe wani saurayi ɗan shekara 25 yana faskaren itace kusa da gidansu, maharbin ya ɗauka aladen daji ne. Ku faɗa wa danginsa zancen jarumta.

Haka kuma ina da faɗa da sababbin mafarautan nan masu zaɓen kujera kamar suna zaɓen mota: wadda ta fi tsada, wadda ta fi tsawo. Wannan ma burga ce. Ɗan koyo tsani mai ƙwari yake buƙata, da wurin zama mai makari, da itace mai rai ba busasshe ba, da ɗamarar da zai ɗaure jikinsa tun kafin ƙafarsa ta bar ƙasa. Bindiga kuma ba a hawa da ita da harsashi a ciki. Kafin ya biya ko sisi, ya je ya duba wurin: ta ina iska take kaɗawa, kuma me ke bayan inda barewar za ta tsaya? In hanya ce ko gida, ko kyauta aka ba shi kujerar ba ta da amfani.

A nan ba ka farauta sai ka ci jarrabawar lasisi a hannun hukumar OFB. Barewa ma ƙidaye take, kowace da aka kashe sai an ɗaura mata shaida kafin a ɗauke ta. Mu kuwa da rani sai a cinna wa daji wuta, a saki karnuka, a kashe uwa da 'ya'ya. Kawu, yaushe rabonka da ganin barewa a bayan garinmu?

Ban raina mafarautanmu ba, wallahi sun fi waɗannan sanin sawu. Kuma su ma sun san kwanton ɓauna a bakin ruwa, ba wanda ya taɓa kiransu ragwaye. Sai yanzu da Bature ya sa wa abin tsani?

A gaida yara. Sai na ji daga gare ku.