ZARE: "Daji ba ya son allura", ƙaryar da ke cinye iyayenmu mata

1/ Yau zan taɓo maganar da ba a so, wanda zai ji haushi ya ji. Sankarar mama ita ce cutar daji da ta fi kama mata a Najeriya, amma a Wudil har yanzu raɗa muke yi da sunanta. Ku biyo ni.

2/ Ranar Juma'a ka shiga kara. Mutum ba zai sayi saniya ba sai ya buɗe bakinta, ya duba haƙori, ya taɓa hantsa. Amma matarsa ta ce ta ji ƙullutu a mama, sai ya ce "ki shafa man zafi". Malam, saniya ta fi uwar 'ya'yanka daraja ne?

3/ Daga nan sai gwanayen unguwa: jifa ne, sammu ne, aikin kishiya ne. Babbar ƙaryar kuma, wai daji ba ya son allura, da an taɓa shi da ƙarfe sai ya fantsama. Wallahi ba allura ke kashe su ba, jinkiri ne.

4/ Ga yadda abin yake. Ana wata da watanni ana jiƙe-jiƙe da turare, sai mama ya fashe yana wari sannan a kwashe ta zuwa Asibitin Malam Aminu Kano. Lokacin cutar ta riga ta kai ƙashi ko huhu. In ta rasu a ce "kun gani, asibiti ne". Haba!

5/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da ita, kusan 670,000 suka rasu. A ƙasashen da ake gano ta da wuri, mafi yawan mata suna warkewa. Ba jikinsu ne ya fi namu ba, sammako suka yi.

6/ Mene ne mamogiram? Hoton mama ne irin na X-ray mai ƙaramin ƙarfi. Ana danna maman tsakanin faranti biyu na 'yan daƙiƙoƙi. Akwai ɗan matsi, amma babu yanka, babu allura. Yana iya hango ƙari tun hannu bai kai ga jin sa ba.

7/ A Amurka tun 2024 shawarar ita ce mace ta fara daga shekara 40, duk bayan shekara 2. Matasa kuwa naman mamansu ya fi cika, shi ya sa likita kan tura su sikanin. In Hajiyarku ko yayarku ta taɓa yi, ki gaya wa likita da wuri.

8/ Alamomin da ba a jira: ƙullutu a mama ko hammata, kan nono ya shige ciki, jini na fita, fata ta koma kamar ɓawon lemo. Kar ki ce "ai ba ya ciwo". Da farko sau da yawa ba ya ciwo. Kuma yawancin ƙullutu ba daji ba ne, gwaji ne kawai zai raba gardama.

9/ Za ku ce kuɗi. Gaskiya ne, kuma haƙƙinmu ne mu matsa wa masu neman ƙuri'armu su kawo motar gwaji ƙananan hukumomi, ba sai Oktoba ta zo a raba riga ruwan hoda ba. Amma fa muna haɗa kuɗin anko da na kamu cikin mako guda.

10/ Za ku ce kunya. Ki nemi ma'aikaciya mace ta duba ki, ki faɗa kai tsaye. Addu'a kuma ba ta hana magani, a haɗa su biyu.

11/ Kai da ke da data, aikinka ne. Yau ki tambayi Umma, ka sa ƙanwarka ta tambayi Gwaggo. A fara da Babban Asibitin Wudil, in sun tura ku Kano ku tafi, ba ta da nisa. Rigakafi ya fi magani. Ku yaɗa, Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi.