Zanen aro ba ya rufe katara: kukan masu katin zinariya a filayen jirgin sama

Tun daga shekarar 2023 wani irin kuka ya yawaita a harkar sufurin jiragen sama, kukan mutanen da suka saba wucewa gaba a filin jirgi ba tare da bin layi ba, aka wayi gari an canza musu ƙa'ida. Wanda ke zaune a Tibiri ta jihar Doso, inda sai mutum ya ci kilomita fiye da 250 ta Kore Mairuwa da Doso kafin ya ga ƙofar filin jirgin Diori Hamani na Yamai, yana iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce, babu ruwan talaka da ita. Amma maganar ta shafi ƙasar Arewa ta fuska biyu. Cikin ƴan kasuwar yankin akwai waɗanda fataucinsu ya wuce Kamba da Argungu ya kai Dubai da Istanbul da Guangzhou, kuma Arewa ta daɗe tana ba gwamnati ma'aikata, waɗanda ake turawa taruka a ƙasashen waje da kuɗin baitulmali. Dukansu suna riƙe da irin waɗannan katuna, saboda haka ya dace a duba abin da suke kuka a kansa, a kuma auna ko kukan ya nufi inda ya kamata.

Shi wannan kati ba tsohon abu ba ne. A shekarar 1981 kamfanin American Airlines ya ƙaddamar da tsarin AAdvantage, wanda ke rubuta wa fasinja maki gwargwadon nisan tafiyar da ya yi, sauran kamfanoni suka bi sahu. Air France da KLM sun haɗa nasu a 2005 suka sa masa suna Flying Blue; Ethiopian Airlines na da ShebaMiles, Turkish Airlines na da Miles&Smiles, Royal Air Maroc kuma na da Safar Flyer. Idan maki ya taru sai a ɗaga darajar mutum daga katin azurfa zuwa na zinariya, a ba shi teburin awon kaya na dabam, da ƙarin kilo, da zauren hutawa, da shiga jirgi kafin kowa, a wasu filayen ma har da ƴar gajeriyar hanya wajen binciken tsaro. Manufar kamfani a fili take, wato ya ɗaure fasinja da igiyar gata don kada ya sayi tikitin wani ko da ya fi araha.

To, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A lokacin annobar korona kamfanoni sun yi ta tsawaita wa'adin katuna alhali ba a tafiya, bankuna kuma suna ba masu katin bashi damar shiga zaurukan hutawa, har masu gata suka yi yawa, hanyar wucewa gaba ta zama ita ma layi. A watan Satumba na 2023 kamfanin Delta na Amurka ya sanar da cewa kuɗin da mutum ya kashe kaɗai za a riƙa lissafawa, kuma sai ya kashe dalar Amurka 35,000 a shekara kafin ya samu darajar ƙoli, sannan za a ƙayyade shiga zaure. Fasinjoji suka yi ca, har shugaban kamfanin, Ed Bastian, ya amsa a bainar jama'a cewa an zarce iyaka. A watan Oktoba aka rage adadin zuwa 28,000, amma tushen sabuwar ƙa'idar bai canza ba. A ƙarshen Disamba na 2024 kamfanin British Airways na Ingila ya bi wannan hanya: daga 1 ga Afrilu 2025, katin zinariya na bukatar a kashe wajen fam 20,000 a shekara, kimanin miliyan 15 na sefa. Nan ma aka yi kuka, kamfanin ya ɗan sassauta a watan Fabrairu, ya ci gaba da abinsa.

Adalci ya sa a ce wannan kuka yana da hujja ta wani ɓangare. Ɗan kasuwar da ya shekara goma yana ƙin tikiti mai araha domin ya tara maki a kamfani guda, da kuɗin aljihunsa, yana da ikon jin an ci amanarsa. Kuma komawa daga lissafin nisa zuwa lissafin kuɗi ya fi cutar da matafiyin Afirka. Mai zuwa Guangzhou daga Yamai ta Adis Ababa yana cin doguwar tafiya a kujerar baya, da tikitin da ya yi ciniki a kansa. A tsohon lissafi nisan yana yi masa rana, a sabo kuwa ma'aikacin babban kamfanin Turai da ya yi gajeriyar tafiya a kujerar gaba ya fi shi daraja. Ga shi kuma ɓata lokaci a layi hasara ce ta zahiri ga wanda zai canza jirgi a Kazablanka ko Istanbul, domin jirgin da ya tashi ba ya dawowa ɗaukar kowa. Sai dai duk wanda ya karanta sharuɗɗan waɗannan katuna zai tarar kamfani ya rubuta cewa yana da ikon canza su. Gata ne na ciniki, mai shago ke ba da shi, mai shago ke karɓe shi, abin da ya rage wa mai saye shi ne ya kai kuɗinsa wani shagon.

Matafiyan Nijar sun ga wannan darasi ta hanyar da ta fi tsanani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta, a watan Satumba kuma hukumomin ƙasa suka haramta wa jiragen Faransa ratsa sararin samaniyar Nijar. Wanda ya kwashe shekaru yana tara makin Flying Blue ya wayi gari da katin zinariya a aljihu, babu jirgin da zai nuna masa shi a filin ƙasarsa. Zanen aro ba ya rufe katara. Darajar da ke hannun wani kamfani na wata ƙasa tana iya gushewa cikin dare guda saboda dalilin da matafiyi ba shi da hannu a ciki.

Abin tambaya na gaba shi ne, wa ya biya kuɗin tikitin da ya haifi makin? Ɗan kasuwa ya biya da ribarsa, wannan tsakaninsa da kamfani ne. Babban ma'aikacin gwamnati kuwa, wanda ke zuwa taro a Janeba ko Adis Ababa, baitulmali ne ya saya masa tikiti, wato harajin mai sayar da wake a kasuwar Geceme da kuɗin duwan da mai kaya ya biya a kan iyaka. Amma makin a sunansa ake rubutawa, shi ke samun katin, shi ke iya juya makin ya zama tikitin hutun iyalinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hasali ma tsarin yana iya sa ma'aikaci ya nace wa kamfanin da yake da kati a cikinsa ko da wani ya fi araha, bambancin kuɗin kuma ya hau kan ƙasa. A Jamus, a shekarar 2002, irin wannan magana ta tayar da ƙura: an gano wasu ƴan majalisa suna tafiye-tafiyen kansu da makin da suka tara a tafiyar aiki, har Gregor Gysi ya sauka daga muƙaminsa a gwamnatin birnin Balin, Cem Özdemir shi ma ya ajiye nasa. Idan ƙasa mai arzikin Jamus ta ɗauki wannan maki a matsayin dukiyar jama'a, ƙasar da ma'aikatanta suka taɓa shafe watanni babu albashi a shekarun 1990 ta fi cancantar ta ɗauke shi haka.

Akwai kuma wani wucewa gaba wanda babu kati a cikinsa, shi ne ya fi daɗewa kuma ya fi ciwo, wato alfarma. Teburin awon kaya na kamfani ne, yana iya sayar da shi yadda ya so. Tagar ɗan sanda mai buga hatimi a fasfo da teburin duwan kuwa na ƙasa ne, harajin kowa ke biyan masu zama a wurin. Duk da haka sanin kowa ne cewa a filayen jirgin yankin nan akwai wanda wani mai kaki ke karɓar fasfonsa ya zagaya da shi, akwai wanda ke shiga zauren manyan baƙi don kawai ya san wani. Lissafin ba shi da wuya: idan jami'i guda na ɗaukar minti 2 kan kowane fasinja, aka shigo da mutum 30 ta gefe, an ɗora wa duk wanda ke layi awa guda. Lokacin da mai alfarma ya samu, daga wurin na baya aka ɗebo shi. Wani abin da ya fi wannan muni shi ne, muddin masu ikon gyara layi ba sa tsayawa a cikinsa, babu ranar da za su ji zafinsa balle su ƙara taga.

Tarihin Air Afrique ya isa gargaɗi. An kafa kamfanin da yarjejeniyar Yawunde ta 1961, ƙasashe 11 har da Nijar, ya zama abin alfaharin Afirka, ya rushe a 2002. Dalilan rushewar suna da yawa, ciki har da bashin sayen jirage wanda karya darajar sefa ta Janairun 1994 ta ninka. Amma cikinsu akwai tikitocin kyauta da na rangwame da manya da danginsu suka saba da su, da kuɗin tafiye-tafiyen gwamnatoci da ba a biya a kan lokaci, da ɗaukar ma'aikata don faranta wa ƙasashe. Kowa ya yi ta yagar rabonsa har aka rasa jirgin da za a hau. A maƙwabciya Najeriya kuwa, a watan Mayu na 2024, majalisar ministoci ta soke keɓewar da ake yi wa manya daga biyan kuɗin shiga filayen jirgi da mota, ministan sufurin sama Festus Keyamo ya bayyana cewa har shugaban ƙasa da mataimakinsa za su biya. Ko yaya aka aiwatar da shi daga baya, matakin ya nuna cewa alfarma hasara ce da ake iya lissafawa da kuɗi.

Hanya guda da ta fi kowane kati amfani ga ɗan kasuwar Arewa ita ce wadda doka ta ba shi. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 kan walwalar jama'a ita ce ta ba ɗan Nijar damar sauka a Legas ko Akara ko Abijan ba tare da biza ba, ya bi layin ƴan yankin. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar a 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata a 29 ga Janairu 2025, ranar da fasfon AES ya fara aiki; ƙungiyar kuma ta bayyana a lokacin cewa za ta ci gaba da barin ƴan ƙasashen uku su yi zirga-zirga ba biza har zuwa wata sanarwa. Wannan dama ba ta bambanta mai katin zinariya da mai ɗauke da buhu, kuma ta shafi wanda ke tsallakawa zuwa Kangiwa ranar kasuwa kamar yadda ta shafi mai hawa jirgi. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da ke da murya, a kanta ya kamata su sa ido, su nemi duk wata tattaunawa tsakanin ɓangarorin biyu ta tabbatar da ita a rubuce.

Abin da ya dace matafiya su nema daga mahukunta ba shi da tsada. An sabunta filin jirgin Yamai a 2019, kamfanin Summa na Turkiyya ya yi aikin gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka, bisa yarjejeniyar tafiyar da shi ta shekara 30, kuma fasinja ne ke biyan kuɗin ta harajin da ke cikin tikitinsa. Hukumar jiragen sama ta duniya, OACI, ta ba ƙasashe shawarar a sallami fasinjan da ya sauka cikin minti 45, mai tashi kuma cikin minti 60. Hukumar ANAC tana iya auna wannan lokaci ta riƙa bayyana shi ga jama'a. Ana iya liƙa jerin muƙaman da ke da ikon shiga zauren manyan baƙi a bakin ƙofarsa, da Faransanci da harsunan ƙasa, wanda babu muƙaminsa ya koma layi ko ɗan wane ne. Idan za a sayar da hanyar gaggawa, a sa mata farashi a fili da rasiɗi, a ɗauko mata jami'inta na dabam da kuɗin da ta kawo, kada a cire shi daga tagar jama'a. Ma'aikatar kuɗi kuma ta shimfiɗa ƙa'ida cewa makin tafiyar aiki na tafiyar aiki ne.

Sannan a tuna da waɗanda suka cancanci a shigar da su gaba ba tare da kati ba: marar lafiyar da za a fitar magani, mace mai ciki ko mai goyo, naƙasasshe, da tsohon da ya sayar da shanunsa a Dumega ko Tibiri don ya sauke farali, ya kwana a hanya yana tsayawa shingen jandarma da na duwan, ya iso filin jirgi bai taɓa ganin irinsa ba. Al'adar ƙasar nan ta riga ta ba su wannan matsayi tun kafin a ƙera jirgi, abin da ya rage shi ne a rubuta shi a doka. Masu katin zinariya suna da ilimi, suna da kusanci da masu mulki, ana jin maganarsu. Idan suka kashe wannan murya wajen roƙon kamfanonin waje su mayar musu da gatansu, abin da za su samu bai wuce rangwamen shekara guda ba. Idan suka sa ta wajen neman a gajarta layin kowa, su ma za su ci moriyarsa ranar da kati ya ƙare ko muƙami ya tafi. Allah ya ba mahukunta ikon gyarawa.