Taskar littattafai: Ladan kuturu a birnin Memfis

A shekarar 1991 wani lauya na jihar Misisipi ta ƙasar Amurka mai suna John Grisham ya fito da littafin hikaya mai suna The Firm, wanda aka juya zuwa Faransanci da sunan La Firme. Littafinsa na farko, na 1989, kwafi 5,000 kawai aka buga masa. Wannan na biyu kuwa, tun bai shiga kasuwa ba kamfanin silima na Paramount ya sayi izinin mai da shi fim a kan dalar Amurka 600,000, kuma a 1993 fim ɗin ya fito tare da Tom Cruise.

Labarin wani saurayi ne, Mitch McDeere, ɗan talakawa. Mahaifinsa ya mutu a ramin haƙar kwal, wansa Ray yana gidan kaso, shi kuwa ya gama karatun shari'a a jami'ar Habad yana cikin na gaba-gaba, da bashin makaranta a wuyansa. Sai wani gidan lauyoyi na birnin Memfis, mai lauyoyi wajen 40 masu aikin haraji, ya yi masa tayin da ba a ƙi: albashin dalar Amurka 80,000 a shekara, mota BMW, rancen sayen gida mai sauƙi, da biyan bashin karatunsa. Shi da matarsa Abby, malamar makaranta, suka ce kakarsu ta yanke saƙa.

Inda littafin ya fi armashi shi ne yadda ya bayyana aikin kansa. A manyan gidajen lauyoyi na Amurka, lokaci ake sayarwa. Lauya yana rubuta kowane minti da ya ɓata a kan takardun mai shari'a, a lissafa, a aika masa da takardar biya. Darajar ƙaramin lauya ita ce yawan awoyin da ya rubuta a ƙarshen wata. Saboda haka Mitch yakan shiga biro tun kafin asuba, ya fito tsakar dare, har ranar Asabar. Abinci ya huce, matarsa ta yi barci ita kaɗai. Shugabannin gidan kuwa suna son kowane lauya ya yi aure, ya haihu, ya ci bashin gida, domin mai iyali da bashi ba ya saurin ajiye aiki.

Daga baya ne wani jami'in hukumar bincike ta FBI ya tare shi ya faɗa masa gaskiya. Gidan na wasu ƴan ta'addar birnin Shikago ne, dangin Morolto, kuma aikinsa na ɓoye shi ne wanke kuɗin haram ta bankunan tsibiran Kaiman. Ba a sanar da sabon lauya sai bayan shekaru, lokacin da ya saba da jin daɗi kuma hannunsa ya riga ya shiga cikin takardun. Lauyoyi biyar sun mutu ta hanyoyi masu ban shakka. Gidan Mitch da motarsa duk an dasa musu na'urorin saurare. In ya yi shiru, kaso na jiransa ranar da asiri ya tonu. In ya yi magana, ransa ne a bakinsa.

Grisham ya fitar da gwarzonsa ta ƙofar dabara: ya kwafi takardu, ya kwashe dalar Amurka miliyan 10 daga asusun gidan, ya tsere da matarsa da wansa zuwa tsibiran Karebiyan. Nan ne raunin littafin yake, domin ma'aikacin gaskiya da ya faɗa irin wannan rami ba shi da jirgin ruwa da ke jiransa.

Amma darasin farkon labarin ya isa. Ba da bindiga aka kama Mitch ba, da kyauta aka kama shi. Ɗan kasuwan da uban gida ya yi wa jari da aure, da ma'aikacin da wani ya biya masa kuɗin haya ranar da albashi ya makara, duk sun san nauyin irin wannan alheri. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kafin a miƙa hannu, a tambayi wane aski ne ke biye.