Allurar Kunne da Jarabar Ƙwaya: Ina Hujjar Take?

A shekarar 1972, wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Hong Kong, Dokta Wen, ya tsira wa wani majinyaci allurai a kunne domin kashe zafi kafin aiki. Majinyacin mashayin ofiyom ne, sai ya ce azabar rashin ƙwayar ta lafa masa. Daga nan aka fara kallon jinyar tsira allurai ta Sinawa a matsayin maganin jaraba.

Inda ta kafu sosai shi ne Asibitin Lincoln da ke unguwar Bronx a New York. A can 'yan gwagwarmayar Young Lords da Black Panthers suka buɗe shirin yaye mashaya a 1970, daga baya suka rungumi allura saboda suna ganin maganin metadon wata sarƙa ce kawai aka musanya da wata. Tsarin gurabe biyar a kunne, wanda ƙungiyar NADA ta yaɗa tun 1985, daga can ya samo asali.

Sai dai gwaji bai gaskata wannan fata ba. A 2002 mujallar JAMA ta buga binciken da aka yi kan masu shan hodar iblis 620. An raba su gida uku: wasu aka tsira musu a guraben da aka ƙayyade, wasu a gurabe na daban, wasu kuma bidiyon kwantar da hankali kawai suka kalla. Sakamakon bai bambanta ba, kuma fiye da rabinsu ba su kammala makonni takwas ɗin ba. Gwajin da aka yi kan mashaya giya 503 a Minnesota bai nuna fifikon allurar ba shi ma.

Abin da ya fi kama hankali shi ne, amfanin yana ga zaman da ake yi. Mutumin da kowa ke ƙyama ya samu ɗakin da zai shiga ya zauna shiru cikin 'yan'uwansa, ba tuhuma, ba tambaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yana iya riƙe shi har ya karɓi sauran jinya. Kuskuren shi ne a mayar da allura madadin magani. Wanda giya ta kama, in ya daina farat ɗaya, yana iya faɗawa farfaɗiya har ya rasa rai. Shi kuwa metadon, da aka guje wa a Lincoln, an tabbatar yana rage mutuwar masu shan hiroyin.