Nazari: Takardar mallaka ta fi siminti hana gyaran gidajen haya a cikin garin Sakkwato

A unguwannin da ke kewaye da Ƙofar Taramniya, ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin ganuwar birnin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809, akwai sana'ar da ba ta da allon talla: mutum ya karɓi tsohon gida, ya gyara shi, ya raba shi ɗaki da falo, sannan ya zuba 'yan haya. Masu yin ta ƙananan 'yan kasuwa ne da ma'aikatan da suka karɓi kuɗin sallama. Buƙatar gidajen kuwa ba ta raguwa. Ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta suna neman wurin zama, ga kuma iyalan da 'yan bindiga suka koro daga Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo. Duk da haka gidaje da yawa a cikin gari suna nan damina na cin su, babu mai taɓa su.

Bayanin da aka fi bayarwa shi ne tsadar kayan gini, kuma akwai gaskiya a ciki. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin Naira ta nemi darajarta a kasuwa, rodi da kwano da tayil duk sun tashi. Siminti ya fi ba mutanen Sakkwato haushi, domin a Kalambaina ake yin sa, a bayan gari. A watan Oktoban 2023 kamfanin BUA ya sanar da Naira 3,500 a matsayin farashin buhu daga masana'anta, amma zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura Naira 10,000 a sassan ƙasar nan, har sai da Gwamnatin Tarayya ta zauna da kamfanonin aka tsayar da magana a kan Naira 7,000 zuwa 8,000.

Sai dai tsada matsala ce da mai jari zai iya lissafawa. Abin da ba ya lissafuwa shi ne wane ne mai gidan.

Yawancin gidajen cikin gari na gado ne. Gida guda yana iya zama na magada goma ko fiye, wasu a Legas, wasu a gidajen aurensu, wasu ma sun rasu rabonsu ya sake gangarowa kan 'ya'yansu. Shaidar mallakar sau da yawa ba ta wuce sanin mai unguwa da maƙwabta ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ba ta ƙwace waɗannan gidaje ba, domin sashe na 34 ya amince da haƙƙin wanda yake riƙe da ginannen wuri a birni tun kafin dokar. Amma banki takarda yake so ya gani, kuma sashe na 22 ya ce ba a jinginar da irin wannan haƙƙi ko a sayar da shi sai da amincewar gwamna. Gidan da ba a raba gadonsa ba, babu ma wanda zai nemi takardar da sunansa ba tare da sauran sun sa hannu ba.

Saboda haka aka koma ga wata dabara: mai gyara ya kashe kuɗinsa, magada su bar masa gidan na wasu shekaru yana karɓar haya har ya fanshe. A baki tsarin yana da kyau, amma duk hatsarin yana wuyan mutum ɗaya. Galibi da babban wa ake ƙulla maganar, a gaban dillali da shaidu biyu. Ranar da gida ya sha fenti ya sami burtsatse, darajarsa ta tashi, a ranar ne ƙanwar da ba a shawarta ba take tuna cewa tana da rabo, kuma tana da gaskiya. Idan ta je kotun shari'a ta nemi a raba, gidan da ba ya rabuwa sayar da shi ake yi. Ko mai gyaran ya yi dabarar sayen rabon wani magaji, fiƙihun Malikiyya ya ba sauran abokan tarayya haƙƙin shufu'a, wato su biya kuɗin su karɓe rabon. Wanda ya san haka ba zai canza azara ko ya ja sabuwar wayar lantarki ba. Zai yi yaɓe da fenti, abin da zai fanshe cikin shekara guda.

Bashi ma ba mafita ba ne. Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Wanda ya ranci Naira miliyan 10 a kan kashi 30 zai biya miliyan 3 a shekara kafin ya taɓa uwar kuɗin, a jihar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000. Da yawa ma ba sa kusantar riba ko da ta yi sauƙi. Bankuna irin su Jaiz da TAJ sun kawar da wannan damuwa, amma su ma jingina suke nema, jingina kuwa takarda ce.

Gwamnatin Ahmed Aliyu ta fi karkata ga sababbin rukunan gidaje, irin na Gidan Salanke da Wajake. Suna da amfani, amma ba su ne mai sayar da kayan miya a babbar kasuwa zai kama ba. Shi kusa da sana'arsa yake nema, inda ba sai ya hau kabu-kabu sau biyu ba. Da hukumar filaye ta jihar za ta sauƙaƙa rajistar gidan gado da sunan magada gaba ɗaya, ta kuma buɗe rajistar yarjejeniyar gyara da haya wadda za ta ɗaure duk wanda gidan ya koma hannunsa, da kuɗin 'yan kasuwa sun gyara ɗakuna masu yawa ba tare da an taɓa baitulmali ba.

Akwai wani sauyi da zai iya tura harkar zuwa rubutu. Dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayarsa ta shekara, iyakarsa Naira 500,000, daga kuɗin da ake yanka masa haraji a kai. Ma'aikacin da ke son rangwamen zai nemi rasit, rasit kuma yana buƙatar sunan mai gida, wanda a gidajen gado da yawa magadan kansu ba su tsayar ba tukuna.